Tambaya da Amsa: Wane Baƙin Mai Ya Dace da Motar da Garantinta Bai Ƙare Ba?

Yawancin wasiƙun da suka zo wa wannan fili a wannan karon a kan baƙin mai suke, kuma daga masu sababbin motoci waɗanda har yanzu kamfani ke ɗauke da nauyin gyaransu. Mun zaɓi waɗanda amsarsu za ta amfani kowa, mun taƙaita wasu saboda ƙarancin wuri.

TAMBAYA: Injiniya, barka da aiki. Na sayi sabuwar mota mai garantin shekara uku, kuma a murfin da ake zuba mai an rubuta 0W-20. Da makanikena ya ga man sai ya ce wannan ai ruwa ne, an yi shi ne don ƙasashen da ƙanƙara ke zuba, inda zafi ke kai digiri 42 kuwa sai 20W-50. Wa zan bi, shi ko murfi?

AMSA: Malam, bi murfi, sannan ka buɗe littafin motar ka tabbatar. Makanikenka ba sharri yake nufinka da shi ba. Abin da ya sani daidai ne a kan injinan da aka ƙera shekara talatin ko arba'in da suka wuce, sai dai naka ba irinsu ba ne.

Lambobin nan biyu kowacce da abin da take faɗa, kuma ƙungiyar injiniyoyin mota ta SAE ce ta tsara su a ƙa'idarta ta J300. Ta farko mai harafin W tana nuna halin man a sanyi mai tsanani. Ana gwada 0W a digiri 35 ƙasa da sifili, 5W a 30, 10W a 25, 15W a 20, 20W kuma a 15 ƙasa da sifili, don a ga ko sitata za ta iya juya inji da shi. Ta biyu ita ce kaurin man bayan ya ɗau zafi, ana auna shi a digiri 100 na Salshiyas. Mai lamba 20 kaurinsa tsakanin 6.9 ne da 9.3 a ma'aunin sentistok, mai 30 daga 9.3 zuwa 12.5, mai 40 daga 12.5 zuwa 16.3, mai 50 daga 16.3 zuwa 21.9. Ka ga ke nan in ka bar 0W-20 ka koma 20W-50, ba mataki ɗaya ka hau ba. Ka ninka kaurin wajen sau biyu a inji mai zafi, a digiri 40 kuwa, wato injin da ya kwana bai tashi ba a gari mai zafi, bambancin yakan wuce ninki uku.

Zancen zafin gari shi ne inda ake yawan ɓata lissafi. Mai ba a zafin gari yake aiki ba, a zafin inji yake aiki. Tamostat da lagireto da fanka su ke riƙe ruwan inji a wajen digiri 90 zuwa sama kaɗan da 100, shi kuma mai yakan zauna tsakanin 90 da 110 a tuƙi na yau da kullum. Rana mai zafi tana ƙara wani abu a kai, amma kamfani ya san da ita tun lokacin gwaji. Tun da zancen ya zo: in wani ya ce zai cire maka tamostat don mota ta daina zafi, kada ka yarda. Injin zai riƙa aiki a sanyaye, ya sha fetur, ya gurɓata mai, kuma ka ba kamfani hujja a kanka da hannunka.

To me kauri zai ɓata? Ratar da ke tsakanin kiranshaf da mital, wato babbar sandar inji da mazaunin da take juyawa a kai, a injinan yanzu ba ta wuce kashi biyu zuwa biyar cikin ɗari na milimita ba, kuma ta nan mai zai ratsa ya ɗauke zafi. Bayan shafe ƙarafa, mai yana aikin tura abubuwa. Shi ke juya na'urar da ke sauya lokacin buɗewar bawul, ta cikin wasu ƙananan ramuka masu rariya. Shi ke ɗaure sarƙar taimin. A injina da yawa akwai ƴan bututun da ke fesa shi a ƙarƙashin fistin don sanyaya shi, in akwai turbo kuma shi ke riƙe da sandarta. Mai kauri yana jinkirin isa waɗannan wurare, musamman a daƙiƙun farko bayan tayarwa, lokacin da ƙarfe ya fi cin ƙarfe. Filta ma tana da bawul ɗin da ke buɗewa in mai ya kasa ratsa takardarta, ya wuce ba a tace ba, kuma mai kauri ya fi sa wannan bawul buɗewa. Alamar da aka fi gani ita ce fitilar inji ta kama, a sa kwamfuta ta nuno lamba irin P0011, mota ta yi nauyi, shan fetur ya ƙaru.

Makanikenka zai iya nuna maka cewa ƙarfin bugun mai ya hau da 20W-50. Gaskiya ne ya hau, amma don man yana shan wuyar wucewa ne, ba don ya fi isa inda ake buƙatarsa ba.

Ba za mu ce maka injin zai buga ranar da aka zuba ba, don ba haka ba ne. Haka kuma ba ɓoyayyen abu ba ne cewa dokokin rage shan fetur suna cikin abin da ya tura kamfanoni ga tsinkakken mai. Amma da wannan man aka gwada injin, a kansa kuma kamfani ya yi maka alkawarin gyara kyauta.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ni littafin motata ba mai ɗaya ya rubuta ba. Akwai zane mai nuna 0W-20 da 5W-30 da 10W-30, kowanne da kibiya a kan ma'aunin zafi. Ƙanina yana da irin motar, amma tasa an shigo da ita daga wata ƙasa, littafinsa 0W-20 kaɗai ya ambata. Wanne ne daidai?

AMSA: Hajiya, duka biyun daidai ne, kowa da motarsa. Kamfani yakan buga littafi daban ga kowace kasuwa, saboda dokokin hayaƙi da ingancin fetur da irin man da ake samu sun bambanta, wani lokacin ma saitin kwamfutar injin ba ɗaya ba ne. Littafin da ya zo da motarki shi za a buɗe ranar da aka yi gardama, ba na ƙaninki ba, ba kuma wanda aka sauko da shi daga intanet ba.

Yadda ake karanta zanen: ki duba mafi sanyin da mota za ta gani da mafi zafi daga yanzu zuwa juye na gaba, ki zaɓi man da kibiyarsa ta rufe duka biyun. In fiye da ɗaya ya rufe, duk wanda kika ɗauka garanti na nan. Ga tuƙin cikin gari da zirga-zirgar yau da kullum, wanda aka rubuta a matsayin zaɓin farko ya wadatar, kuma ya fi sauƙin shan fetur. In motar tana jan tirela, ko tana yawan hawan tsauni da lodi, ko tana daɗewa a kan gudu a rana, mu 5W-30 za mu zaɓa daga cikin ukun nan. Shi 10W-30 bai fi 5W-30 kauri a inji mai zafi ba, rukuninsu ɗaya, don haka ba abin da zai ƙara miki.

Ki kula da lafazin littafin sosai, domin akwai bambanci tsakanin a ce ana iya amfani da mai kaza, da a ce ana iya amfani da shi in ba a sami na asali ba. Litattafan motocin Toyota da dama na kasuwar Amurka sun ce in ba a sami 0W-16 ba a zuba 0W-20, amma a koma wa 0W-16 a juye na gaba. Wannan izinin lalura ne, ba na kullum ba.

Kamfani da kansa yana iya sauya magana. A watan Afrilun 2025 General Motors ya yi kiranyen motoci masu injin V8 mai lita 6.2, wato ya ce a dawo da su a duba, kuma waɗanda injinsu ya tsallake bincike an sauya musu mai daga 0W-20 zuwa 0W-40, aka sa sabon murfi mai sabuwar lamba, aka ƙara takarda a littafi. Irin wannan sauyin a rubuce yake zuwa, da lambar sanarwa. In ma'aikacin dila ya ce miki da baki a zuba abin da ba ya cikin littafi, ki ce ya rubuta a takardar aiki ya sa hannu.

TAMBAYA: Injiniya, na je sayen 5W-30 kamar yadda littafi ya ce, sai na tarar da galan biyu na kamfani ɗaya, duka 5W-30, amma a bayan ɗaya an rubuta ACEA C3, ɗayan kuma A5/B5. Mai shago ya ce duk ɗaya ne tunda lambar gaba ɗaya ce. Haka ne?

AMSA: Ba haka ba ne, Malam, kuma a nan ne masu kula da motarsu ma suke faɗawa. Lambar gaban galan kauri kaɗai take faɗa. Rubutun baya shi ke faɗin sinadaran da ke ciki da gwaje-gwajen da man ya tsallake, kuma kamfanoni da yawa sun fi tsananta wa a kan wannan fiye da lambar gaba.

Akwai wani ma'aunin kauri na uku da ba a rubuta shi a gaba, ana kiransa HTHS. Ana auna shi a digiri 150 yayin da ake murza man da ƙarfi, kamar yadda yake faruwa a cikin mital. Dokar SAE ta ce mai lamba 30 kada ya gaza 2.9 a wannan ma'auni. ACEA, wato ƙungiyar masu ƙera motoci ta Turai, ta ce C3 kada ya gaza 3.5, shi kuwa A5/B5 tsakanin 2.9 ne da 3.5. Galan biyun da ka gani, ɗaya ya fi ɗaya kauri a daidai wurin da kauri ke da muhimmanci. Bambanci na biyu toka ce. Duk man da ke rukunin C an rage masa sinadaran da ke barin toka in sun ƙone, C3 ba ya wuce kashi 0.8 cikin ɗari, don kada ya toshe matatar hayaƙin da ke cikin salansa. Kunkunniyar da matatar ta tara tana ƙonewa ta fita, amma toka ba ta ƙonewa, taruwa take yi har matatar ta cika. Shi ya sa sabuwar motar dizal mai matatar DPF ba a zuba mata 15W-40 irin na tsofaffin manyan motoci, ko da ya yi arha.

Motocin Japan da Koriya da Amurka sun fi ambaton API da ILSAC, wato wasu ƙungiyoyin da su ma suke tsara ƙa'idojin ingancin baƙin mai. A baƙin man injin fetur haruffan suna hawa ne: SN ya fito a 2010, SN Plus a 2018, SP a 2020 tare da ILSAC GF-6, sai SQ da GF-7 a 2025. Sabo yana maye gurbin tsoho, tsoho ba ya maye gurbin sabo. In littafi ya ce SP, kada ka ɗauki SL ko SJ. Dalilin ba ƙarami ba ne. Ƙananan injina masu turbo waɗanda nozul ke fesa fetur kai tsaye cikin silinda suna da wata cuta: wuta takan tashi da kanta kafin fulogi ya kunna, in aka taka totur da ƙarfi alhali inji na juyawa a hankali. Bugu ɗaya mai tsanani ya isa ya fasa fistin. An gano sinadaran wanke inji masu yawan kalsiyam da ake haɗawa cikin baƙin mai suna ƙara haddasa ta, shi ya sa daga SN Plus zuwa sama aka sa gwajinta cikin sharaɗi. SP ya ƙara da gwajin cinyewar sarƙar taimin. A dizal kuma CK-4 da FA-4 sun fito tare a 2016, amma FA-4 tsinkakke ne, ba a zuba shi sai injin da aka ambata masa shi.

Sai ƙa'idojin kamfanoni su kansu: dexos1 na General Motors, 504 00 da 507 00 da 508 00 na Volkswagen, 229.5 da 229.52 na Mercedes, Longlife-04 na BMW, WSS-M2C913-D na Ford, da sauransu. In littafinka ya ambaci irin wannan lambar, ita za ka fara nema kafin kauri. Wasu injinan bel ɗin taiminsu a cikin mai yake gudu, kuma man da bai dace ba yana cin robar, ɓarɓashinta ya toshe rariyar famfon mai.

Wani hanzari ba gudu ba: rubutun bayan galan iri biyu ne. Akwai wanda ke cewa kamfanin mota ya gwada man ya amince da shi, akwai wanda mai man ne da kansa yake cewa ya dace da ƙa'ida kaza. Na biyun zai iya zama mai kyau, amma shaidar kai ce. Muddin garanti bai ƙare ba, ɗauki na farko. Mercedes da General Motors suna wallafa jerin man da suka amince da shi, API ma tana da jerin masu lasisinta, kowa zai iya dubawa.

TAMBAYA: Shin dole ne sai a garejin dila zan yi juye, da man da ke ɗauke da tambarin kamfanin motar?

AMSA: Ya danganta da dokar ƙasar da aka sayar maka da motar da kuma abin da ke cikin takardar garantinka. A Amurka dokar Magnuson-Moss ta 1975 ta hana kamfani ya ɗaure garanti da sayen kayansa ko aikin dilansa, sai in kyauta zai bayar. Tarayyar Turai ma dokokinta na gasa sun ba mai mota damar yin sabis a gareji mai zaman kansa, matuƙar an bi jadawali da ƙa'idar kamfani. A wasu ƙasashen kuwa takardar garanti takan shardanta garejin dila ƙarara, haka ma yawancin ƙarin garantin da ake saye daban. Karanta takardar kafin juyen farko, ba bayan an sami matsala ba.

Man da ke da tambarin kamfanin mota, yawanci wani kamfanin mai ne ya haɗa shi. Ba sihiri a ciki, fa'idarsa ita ce ba mai yi maka gardama a kansa.

In an ba ka damar yi a waje, shaida ita ce komai. Rasidin sayen mai ya nuna kwanan wata da sunan man da kaurinsa da yawan lita, ba a rubuta baƙin mai kawai a wuce ba. Rasidin filta ya nuna lambarta. Takardar makanike ta nuna lambar motar da kilomitan da ke kan mita. Ɗauki hoton gaba da bayan galan tare da lambar da aka buga a jikinsa, da hoton mita, a rana ɗaya. Takardar rasidi irin ta na'ura tana gogewa cikin watanni, don haka ita ma a ɗauki hotonta. A buɗe galan a gabanka, ka ga hatimin murfinsa bai taɓu ba, domin jabun mai matsalarsa a kanka take ƙarewa, kamfanin mota ba ruwansa.

Wajen aikin kuma: a juye mai inji na da ɗumi, a sa sabuwar wosha a notin ƙasa, a ɗaure shi da sifana mai auna ƙarfi gwargwadon abin da littafi ya ce, don kwanon mai na alminiyam zarensa ba ya jure ɗaurin ganganci. A shafa ɗan mai a robar sabuwar filta, a tabbata tsohuwar robar ba ta maƙale a jikin inji ba, domin roba biyu a kan juna suna iya zubar da man gaba ɗaya cikin ƴan mintoci. A zuba adadin da littafi ya faɗa na juye tare da filta, a tayar minti biyu, a kashe, a jira minti biyar, a duba geji. Kada ya haura layin sama. Man da ya yi yawa kiranshaf yana kaɗa shi ya yi kumfa, famfo kuma ba ya iya tura kumfa.

TAMBAYA: Ina cikin doguwar tafiya fitilar mai ta kama, na duba na ga ya sauka ƙasa da layi. Motar 0W-20 take sha, 5W-30 kaɗai na samu. Na ƙara lita ɗaya. Na yi ɓarna?

AMSA: Ba ka yi ba. Inji mai ƙarancin mai ya fi shiga haɗari nesa ba kusa ba fiye da inji mai gaurayen mai. Man mota masu lasisin API suna gauraya da juna, sintetik ne ko ba sintetik ba, kuma lita ɗaya ta 5W-30 a cikin lita huɗu ko biyar kaɗan za ta ɗaga kauri. Litattafai da yawa sun yarda da ƙari irin wannan in lalura ta kama, wasu har sun ƙayyade yawansa. Ajiye rasidin, ka gaya wa gareji, ka matso da juye na gaba kusa. Daga yanzu ka riƙa ajiye lita ɗaya ta man motarka a but.

Amma wace fitila ce ta kama? Rawaya a yawancin motoci tana nufin mai ya ragu, ana iya kaiwa wurin tsayawa a ƙara. Ja tana nufin ƙarfin bugun mai ya faɗi. Wannan a tsaya nan take a kashe inji. In an cika mai ta ƙi mutuwa, janwe za a nema, ba a ƙara ko kilomita ɗaya.

TAMBAYA: Injiniya, aikin gama ya gama. An zuba wa motata 20W-50 maimakon 5W-20, na yi wajen kilomita 3,000 da shi kafin na karanta littafi. Garantina ya tafi ke nan? Kuma za su iya ganewa?

AMSA: Bai tafi gaba ɗaya ba, Malama. Garanti ba ya mutuwa dungurungum saboda kuskure ɗaya. Abin da kamfani zai iya ƙi shi ne gyaran lalacewar da ke da alaƙa da man: mital, kamshaf, turbo, sarƙar taimin, na'urar sauya lokacin bawul. Giya da na'urar sanyaya ɗaki da kayan lantarki ba abin da ya haɗa su da wannan.

Ganewa kuwa ba wuya. In inji ya lalace aka nemi a sauya shi kyauta, kamfani yakan nemi tarihin sabis, yakan sa a buɗe murfin sama a duba daƙwalewar mai, wani lokacin a ɗebi samfur a kai ɗakin gwaji. A can ana auna kauri a digiri 100, kuma mai lamba 50 ba ya ɓuya a matsayin mai lamba 20.

Abin yi yanzu: a juye shi da ɗumi, a bari ya tsane sosai, a sauya filta, a zuba wanda ya dace. Kada a zuba ruwan wanke inji, balle kananzir ko dizal, sabon inji ba ya buƙatarsu kuma kamfanoni da yawa sun hana. Ɗan abin da ya rage a lungunan inji zai narke cikin sabon man. In kina son ƙarin natsuwa ki yi juye na gaba a rabin wa'adi. Ki saurari inji da safe: kacau-kacau na fiye da daƙiƙa biyu ko uku, ko fitilar inji, to a kai dila tun garanti na aiki. Kuma kada wani ya ba ki shawarar a rubuta rasidin ƙarya. Kuskuren da aka gyara da wuri ana iya kare shi, takardar bogi kuwa in aka kama ta, sauran takardunki na gaskiya ma sun rasa daraja.

TAMBAYA: Sabuwar motata tana rage mai tsakanin juye da juye. An ce in ƙara kauri ko in zuba maganin hana shan mai. Me kuka gani?

AMSA: Wannan gyaran gangar Auzinawa ne. Mai kauri da maganin gwangwani za su iya rage shan man kaɗan, amma abin da suke yi shi ne ɓoye alamar har garanti ya ƙare, sannan gyaran ya dawo aljihunka. Yawancin litattafai ma sun ce kada a ƙara wa mai komai, don sinadaransa a aune suke.

Fara da sanin nawa take sha. Ajiye mota a wuri mai daidai, inji ya ɗau cikakken zafi, kashe, jira minti biyar zuwa goma, zare geji ka goge, mayar har ƙarshe, sake zarewa, ka ɗauki hoto tare da na mita. Maimaita bayan kowace kilomita 1,000, a wuri ɗaya, a yanayi ɗaya. Tsakanin layin ƙasa da na sama a motoci da yawa kusan lita ɗaya ce, littafi yakan faɗi taka. Sabon inji yakan ɗan sha mai a dubban kilomitan farko kafin ringi su zauna, wannan ba abin tashin hankali ba ne. Kamfanoni kuma suna da iyakar da suke ɗauka ba laifi ba, wasu rabin lita a kilomita 1,000, wasu har lita guda. A ganinmu wannan iyaka ta yi faɗi da yawa ga sabon inji, amma ita ce a rubuce, da ita za a yi maka hukunci.

In abin ya yi yawa, nemi dila ya yi gwajin shan mai a hukumance. Su za su juye su cika, wasu su sa hatimi a murfi da notin ƙasa, ka yi tafiyar da suka ƙayyade ka dawo su auna. Ko sakamakon bai kai iyaka ba, ka sa a rubuta ƙorafinka a takardar aiki da kwanan wata da kilomita, ka karɓi kwafi. Zai yi maka rana in matsalar ta girma bayan wa'adin garanti.

Ka kuma lura da kishiyar wannan, wato mai ya riƙa ƙaruwa a geji yana warin fetur. Yana faruwa a injina masu fesa fetur kai tsaye in ana yawan gajerun tafiye-tafiye inji bai yi zafi ba, da kuma dizal mai DPF in ana yawan katse mata ƙona kunkunniya. Fetur ko dizal ɗin da ke sulalewa ta gefen ringi yana tsinka baƙin mai, har mai lamba 30 ya koma kamar mai lamba 20. Maganinsa ba ƙara kauri ba ne, rage wa'adin juye ne. Duba littafinka, za ka ga jadawali biyu: na tuƙi mai sauƙi da na tuƙi mai wahala. Gajerun tafiye-tafiye, daɗewa a cunkoso inji na silo, hanya mai ƙura da jan kaya duk suna cikin na biyu, wa'adinsa kuma galibi rabin na farko ne. Ana ƙirga shi da kilomita ko da watanni, duk wanda ya riga cika, don haka motar da ba ta yi tafiya sosai ba ita ma ana yi mata juye in watanninta sun cika, ko da a jikin galan an rubuta man zai kai kilomita 15,000.